Rantsuwar da Yaya Saratu ta yi a kotu

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, mata 'yan'uwana. Ni ce Rifkatu mai waina ta Sabon Tasha. Kun san ni da surutu, amma yau ku bar ni in yi, na Allah ne.

'Yata ta fari, Hannatu, nas ce a Amurka. Da ta zama 'yar ƙasa sai ta cika mana takardun zuwa zama wurinta, ni da babanta. Ta haɗa shaidar albashinta da ta haraji, ta sa hannu cewa cinmu da shanmu na wuyanta. Wannan bai ba da wahala ba. Sai lauyanta ya ce saura shaidar cewa mu muka haife ta. Na yi dariya, na ce ni da na kwana biyu ina naƙuda?

Ashe ba abin dariya ba ne. Da na yaye Hannatu, iyayenmu suka ce in ba yayata Saratu riƙonta, don Allah bai ba ta haihuwa ba. Ita ta sa ta makaranta, aka rubuta yarinya da sunan mijinta, marigayi Dauda. Duk takardunta Dauda ne, har fasfo. Lauya ya ce a nemo katin baftismarta na jarirai, kuma wadda ta riƙe ta ta je kotu ta yi rantsuwa.

Nan fa ɗaya. Shekara tara ba na gaisawa da Yaya. Ranar auren Hannatu fasto ya ce uwar amarya ta tashi, Yaya ta miƙe da gwaggwaronta, ni ina bayan coci ina raba shinkafa. Abin ya tsaya mini a rai. Ina rera waƙa a zumuntar mata, ina cin jibin Ubangiji, zuciyata kuwa cike da gaba. Tana unguwar Television, kuɗin keke ɗaya ne tsakaninmu, amma ko a wurin jana'iza na hango ta sai in canza benci.

Maigidana ya ce, “To, ko ki je, ko mu ci gaba da ganin jikokinmu a waya.”

Wata Laraba da safe, a wurin addu'armu, na durƙusa ina roƙon Allah ya buɗe wata hanya wadda ba ta bi ta ƙofar Yaya ba. Baki ya ƙi. Sai na ji kaina ina cewa, “Ubangiji, ka gafarta mini, ni ce mai laifi.” Na yi kuka har ɗankwalina ya faɗi!

Daga coci na tari keke zuwa gidan Yaya. Na tarar da ita tana tsintar wake. Ta dube ni ta ce, “Rifkatu, kin rame. Zauna.” Ban gama bayani ba ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon gwangwanin biskit. Ga katin baftisma a ciki, sunana da na maigidana ɓaro-ɓaro.

Sai ranar zuwa kotu ta zo. Matar da ba ta da kowa a duniya sai Hannatu ta ɗaga Littafi Mai Tsarki ta ce, “Ni na riƙe ta, amma ba ni na haife ta ba. Ga uwarta nan.” Ba ta rage kalma ɗaya ba. A bakin ƙofa na riƙe ƙafarta na nemi gafara. Ta ce, “Tashi, kina tara mana mutane.”

Aka yi mana gwajin jini, aka kira mu ganawa a ofishin jakadanci, biza ta fito. Halleluya!

Wata mai zuwa za mu tashi. Dokarsu ba ta ba Hannatu damar ɗaukar Yaya kamar yadda ta ɗauke mu ba, ita za ta zauna. Jiya ta kawo mini daddawa da kuka a ƙulle, ta ce, “Ki ce wa yarinyar nan ta riƙa cin abinci.”

Na gode wa Yesu da ya kwance ni tun ban hau jirgi ba. Wadda duk ke da ƙofar da ta daina shiga, ta dogara ga Ubangiji ta je ta ƙwanƙwasa. Ku riƙa leƙa mini Yaya Saratu. Amin.