Alƙalin da Muke Kira Yaya

Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Rabi ce daga Sabo, Ibadan.

Marigayi mahaifinmu, mai fataucin goro, ya riƙe marayan da maƙwabcinmu ya bari, ya sa shi makaranta har ya zama babban alƙali. Yaya muke ce masa.

Makon jiya aka yi bikin ritayarsa, na yi sabon ɗinki na je. A jawabinsa ya gode wa malamai da abokan aiki, sannan ya ce, "Ni na tashi ba ni da kowa." Ina zaune a gabansa, kuma ya gan ni.

Mama tana kwance ba lafiya, kullum tambayarta, "Alƙali ya ambaci Babanku?" Masu sauraro, me zan ce mata?