Tulun da Na Fasa a Zumuntar Mata

Mai gabatarwa, barka da aiki, salamar Ubangiji a gare ka. Sunana Rifkatu, daga Pantami.

Ni ce mai kaɗa tulu idan zumuntar matan cocinmu na waƙa. Ran nan wajen koyon waƙa, shugabarmu Mama Laraba ta ce ina saurin kiɗa. Ni kuwa akwai zuciya. Na zazzaga mata magana a gaban kowa, na dungurar da tulun ya fashe. Sati uku kunya ta hana ni zuwa coci.

Ranar Asabar sai ga ta a gidanmu, rungume da sabon tulu. Ta ce, "'Yata, gobe ke za ki kaɗa." Na ce, "Mama, ko haƙuri ban ba ki ba." Ta ce, "Yesu jira ya yi ki gyaru kafin ya mutu dominki?"

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Don Allah a tambayar mini fasto: ashe Allah yakan karɓi mutum tun bai tuba ba? To, tuban fa, ina matsayinsa?

Ina gaida Mama Laraba. Na kaɗa tulun ranar Lahadi, ta ce har yanzu ina sauri.