Ya Ba Da Sandarsa a Tsakiyar Kogin Una

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Assalamu alaikum.

Limaminmu Nusret Efendiya, wanda ya sallaci marigayi, mai girma shugaban gundumarmu, da kai Dragoljub, shugaban ƙungiyarmu ta masu fatsa, abokan sana'a da suka taso tun daga Bihać da Ribnik, Avdo, ƙanen marigayi, Ramiza, matar marigayi, Sabaheta, 'yarsa, ke da maigidanki da yaranku, jama'ar Kulen Vakuf maza da mata, ina gaishe ku, ina kuma yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

Da aka ce ni Ekrem zan yi magana a madadinmu, na ce a nemi wani. Dragoljub ya ce, "Kai kake bakin ruwan ranar. Wa kake so ya faɗa?" To ga ni. Tun da kogin Una ya ɗauke mana Fehim Kurtagić, babu ɗayanmu da ya sake sa ƙafa a ruwa. Kogin nan da muka tashi da ƙararsa har kunnenmu ya daina jin ta, yanzu muna jin ta a kowane ɗaki. Ni har taga nake rufewa da rana tsaka.

Fehim ya kasance likitan dabbobinmu shekara da shekaru. Babu ƙauye a duwatsun nan da bai taka ba cikin dusar ƙanƙara saboda saniyar da haihuwa ta zo mata da gardama.

Ya kasance cikin na farkon da suka dawo garin nan bayan yaƙi, lokacin da gidajenmu ba rufi. Mu muna neman katako da kwano, shi yana cikin kogi yana janyo tayoyi da ruɓaɓɓun ƙarafa. Muka ce, "Fehim, gidanka fa?" Ya ce, "Ai ba inda za shi." Ramiza, ke kika tara ruwan sama a tukwane cikin ɗakinki shekarar nan, ba kuma wanda ya ji ƙorafinki. Kifin da jikokinmu ke gani yau daga kan gada, shi ya ɗauko 'ya'yansu a bokiti ya zuba.

Ya kasance ya fi mu duka iya jefa zare. Da gashin zakara yake ɗaura ƙudan ƙarya a ƙugiya, ya sauke shi kan ruwa a hankali har kifi ya ɗauka na gaske ne. Amma duk iyawar nan, mutum ne mai tsoron ruwa, ba ya kuma ɓoyewa. Ko ruwan bai wuce gwiwa ba, sai da sanda yake shiga. Muka sa masa suna mai ƙafa uku. Ba ya fushi. Sai ya ce, "Ku da kuke da biyu, dutse ɗaya mai gansakuka ya ishe ku."

Da sanduna masu naɗewa suka shigo, duk muka yar da na icenmu. Wa zai ƙi? Gaɓa-gaɓa ce, da igiyar roba a ciki, ka naɗe ta ka sa a kube a ƙugunka, in kana bukata ka zaro ka kaɗa, ta haɗe da kanta. Fehim bai ƙi su ba, shi ma ya saya. Sai dai bai yarda da ko ɗaya ba sai ya wahalar da ita.

Wa a cikinmu bai tsaya gaban shagon kofi na Munira ba, Fehim na riƙe da sabuwar sandarsa? Da farko ya auna ta da jikinka. In ba ta kai hammata ba, ya miƙo maka, ya ce, "Wannan ta zuwa masallaci ce." In ta kai, ya kafa ta ƙasa ya ɗora mata nauyinsa duka, ya ga ko za ta lanƙwashe. Ya duba bakin, ko ƙarfe ne mai cizon dutse. Ya ja maɗaurin da ake ƙulla ta da shi a jiki. Sannan ya zo kan abin da muke tsoro. Akwai tsaga tsakanin duwatsun matakalar Munira. Nan yake cusa bakin sandar har ya maƙale, ya fizgo sama da ƙarfi. In gaɓoɓin suka rabu, shi ke nan. Ya ce, "In dannawa ce, kowace sanda na jurewa. A ja ake gane ta. Wadda ba ta da makulli a gaɓa, ranar da dutse ya riƙe mata baki, igiya za ta bar maka a hannu."

Har cikin firji yake kwanar da su, don ya ga ko robar za ta saki in ta sha sanyi. Ramiza ta taɓa buɗewa za ta ɗauko naman burek, gurasar nan tamu mai nama a ciki, ta tarar da sandar Dragoljub kwance a kai. Ta fito ta ce, "Fehim, wannan da albasa zan soya ta ko da tafarnuwa?"

Muna dariya, amma ya fasa mana sanduna da yawa, wasu kuma sun ji haushi. Shi ya sa aka fara ɓoye masa.

Zijad, abokinsa tun suna makarantar firamare, yana nan zaune a baya. Shi ya ce in faɗi wannan, in kuma ambaci sunansa. Surukinsa ya kawo masa sanda daga Jamus, mara nauyi, mai kyan gani. Fehim ya ce, "Kawo in gani." Zijad ya ce, "Ka bar min abata, kyauta ce. Kai in ka taɓa abu sai ya mutu." Fehim ya ce, "To, ka riƙe ta ka rungume." Aka yi dariya, aka sha kofi, aka tashi.

Ranar Asabar ɗin nan mu uku ne, ni da Fehim da Zijad, a ƙasan tsohon injin niƙa. Rana tana haske, ko gajimare babu. Ba mu san an kwana ana ruwa a duwatsun Martin Brod ba. Fehim ne ya fara ganin ganye da ƙirare suna wucewa, ruwan kuma yana sauya launi daga kore zuwa na kofi da madara. Ya ce min, "Ekrem, fita." Muka fita. Zijad yana can tsakiya, ya ba mu baya, ƙarar ruwa ta hana shi ji. Kafin ya waiwayo, ruwan da ke cinyarsa ya kai ƙugu.

Mun gan shi ya zaro sandar, ya kaɗa, ta haɗe. Ya taho kaɗan. Sai bakinta ya shige tsakanin duwatsu. Ya ja. Jama'a, ina gani da idona sandar nan ta rarrabu, tana reto a hannunsa kamar hanji. Ya tsaya cak. Ya kasa gaba, ya kasa baya, ruwa na hawa. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta yi fari haka ba.

Fehim bai ce min komai ba sai, "Kama reshen nan, ka miƙa hannu." Ya koma ciki, tsoho mai shekara saba'in, mutumin da ya fi kowa sanin abin da ruwan nan ke iya yi. Ina kallonsa yana kafa sanda, yana jan ƙafa, yana kafawa, har ya isa. Ya kwance maɗaurin sandarsa daga jikinsa ya ɗaura wa Zijad. Ya tsaya ta inda ruwan ke bugowa, ya riƙe ɗamarar Zijad, ya tare masa ƙarfin ruwan da jikinsa. Zijad ya ce abin da ya faɗa masa a kunne shi ne, "Kada ka kalli ruwa, wawa, kalli Ekrem. Munin fuskarsa zai riƙe ka."

Haka suka taho. Da suka matso, na damƙi wuyan rigar Zijad na janyo. Fehim ya saki ɗamarar don Zijad ya samu ya hau. A daidai nan dutse ya juya ƙarƙashin ƙafarsa. Ba shi da abin dogarawa. Wandon robar nan da ke kai mana ƙirji ya cika da ruwa. Bai yi ihu ba. Na ga hularsa, na ga hannu ɗaya, daga nan ban sake ganin komai ba. Washegari aka same shi a ƙasan gada.

Zijad, ɗago kanka. Ramiza ta riga ta faɗa maka a ƙofar gidanta, ni kuma ina maimaitawa gaban jama'a: ba kai ka kira shi ba, shi ya zo. Da ni ne a tsakiyar, da ya zo. Da baƙon da bai san sunansa ba ne, da ya zo.

Ramiza, ba mu da abin da za mu mayar miki. Icen hunturunki yana wuyanmu, rufin gidanki yana wuyanmu, muddin akwai ɗayanmu a raye. Sabaheta, ɗanki ya tambaye ni ko kakansa ya ji tsoro. Na ce masa ya ji, ƙwarai kuwa, kuma da tsoron nasa ya shiga. Avdo, ka zama uba a gidan nan, mu kuma muna bayanka.

Ku abokan sana'a, ga abin da ke hana ni sukuni. Hunturu zai wuce. Ruwa zai sake yin kore, kifi zai fara tasowa, hannu zai yi ƙaiƙayi, mu koma. Mun san kanmu. Kogin kuwa ba yadda muka san shi yake ba, yanzu yakan cika ba tare da ɗigo ɗaya ya sauka a kanmu ba. Ranar da za mu koma kuma babu mai hango ganye ya ce mu fita. Babu mai ƙwace mana sanda ya ɓata mana rai. Kowa da kube a ƙugunsa, ba kuma wanda ya san abin da ke ciki sai ranar da ya bukace shi. Wannan nake tsoro, fiye da ruwan kansa.

Muna godiya ga matasan da suka fita da jiragen roba nemansa, da matan da suka ciyar da masu zaman makoki, da ku da kuka taso daga nesa.

Ya Allah, ga bawanka Fehim. Ka gafarta masa, Ka yalwata masa makwanci, Ka karɓe shi cikin waɗanda suka ba da ransu don wani ya rayu. Ka sanyaya zuciyar Ramiza da zuri'arta. Ka ba Zijad barci. Mu kuma da za mu koma cikin ruwan nan, Ka dawo da kowannenmu gida da ƙafarsa, kada wata mace a garin nan ta sake buɗe ƙofa ta ga maza tsaye da jiƙaƙƙun kaya.

Amin.