Ladan Mai Gadi

A tashar motar Goroka, Sipa ya jera kwalaben zuma. 'Ya'yan kofin da ya shuka a gonarsa ba su nuna ba tukuna, ga yara za su koma makaranta. Sai wata tsohuwa ta tsaya.

"Ɗana, ba ruwan sukari ba ne?"

"Haba Inna! Daga furen kofina ne. Da hannuna na ɗebo."

"Miƙo hannun. Sumul! Ƙudan zumanka ba sa harbi ne?"

Sipa ya sosa ƙeya. "To, matata ce ta buɗe akwatin ƙudan zuman. Ni gadi na yi."

"Daga ina?"

"Daga bayan garken aladu."

Tsohuwar ta yi dariya har da hawaye.

"Ba ni biyu. Kuɗin na mai kumburarren hannu ne, ka ji?" Ta miƙa masa gasasshen dankali. "Kai kuma ga ladan gadi."