Zaren Filogin Babur Ɗina

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah ya ƙara basira. Ni dattijo ne a Rafin Guza, ni kaɗai a gida tun rasuwar mai ɗakina.

Na sayi wani tsohon babur da ya daɗe a jingine, don in riƙa zuwa Rigachikun duba abokina Malam Sule, wanda ciwo ya kwantar. Ni da kaina na kankare tsatsa, na wanke tanki. Abu ɗaya ya gagare ni: zaren ramin filogi, wato haƙoran da ake murɗa filogin a cikinsu, ya cinye, filogin ba ya ɗauruwa.

Na kai wa wani bakanike, na ce a sake yanka zaren. Sai ya yanko gwangwanin madara, ya naɗe filogin, ya buga da guduma! Ko titi ban kai ba filogin ya yi tsalle, ramin ya ƙara faɗi. Da na koma, har da dariya ya ce, "Baba, kai da babur ɗin duk hutu ya kamace ku."

Wannan sana'a ce ko cin mutunci? Ya ɓata min abu, ya kuma haɗa da tsufana!

Jama'a, wa ya san mai gyaran zare na gaskiya? Malam Sule, in kana saurare, ba mantawa na yi ba. Ka jira ni, ina tafe da yardar Allah.