Fim ɗin da na kunna a gaban surukata

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Maman Hafsa daga wani ƙauye a gefen Ɗanbatta.

A gidanmu, idan mata mun zauna ɓarar gyaɗa da yamma, wayata ake jinginawa a jikin kwano mu riƙa kallo. Ranar kasuwa na ba mai tura finafinai katin wayata, ya zuba min wani fim mai fassara, ni kuwa ban duba ba na kunna.

Ashe jarumin yana son matarsa, kuma yana son wani namiji, so irin na soyayya. Mai fassara yana ta cewa "amininsa", amma ido ba ya ƙarya. Ga surukata Inna zaune kusa da ni! Na ce a raina shi ke nan, za a ce ni na kawo abin kunya gida, maigida ya karɓe wayar.

Matar wan mijina ta fara salati tana hararata. Sai Inna ta ce, "Ƙyale yarinya, ita ta yi fim ɗin? Irin waɗannan mutane tun muna yara akwai su, ba waya ta kawo su ba. Ni matar nake tausayi, da ya ɓoye mata."

Sai a lokacin na kashe wayar.

Yanzu ku ba ni shawara, in goge fim ɗin ko in bari? Don yau da safe Inna ta ja ni gefe ta ce, "Wai ya aka ƙare da matar nan?"