Zanen da Firmin Ya Ɓoye wa Rana

A ɗakin jiran likitan ido a Brussels, tsoho Firmin ya zaro takarda daga faffaɗar jakarsa, ya miƙa wa matar da ke gefensa.

"Madam, don Allah me kike gani a nan?"

"Shafin littafin labarin zane ne. Ga wani matuƙin jirgin ruwa yana dariya."

"Ba bugu ba ne fa, na hannun mai zanen ne. Shuɗin fensirin da ya fara zana shi da shi yana nan a ƙarƙashin tawadar?"

"Raɗau, kamar jiya aka yi."

"Dole. Rana tana cinye tawada, shi ya sa tun ina saurayi na kulle shi a durowa. Babu irin roƙon da matata ba ta yi ba in rataye shi a falo. Na ƙi, har ta rasu."

"Haba! Kai ma ba ka kallonsa?"

"Cewa nake sai na yi ritaya. Ga ritayar ta zo, ido ya tafi."

"'Ya'yanka fa?"

"Tarkace suke ce masa."

Ta miƙo masa takardar. Bai karɓa ba.

"Ƙara dubawa, Madam. Dariya kika ce yake yi? Ni duk shekarun nan na ɗauka kuka yake."